Rasit Ba Ya Haifar Da Kifi: Darasin Tsibiran Fasifik Ga Madatsun Ruwan Kano

Dawakin Tofa ƙasar noma ce, gona ta dafa wa gona, kuma abin da ya kai sunanta nesa shi ne Kasuwar Dawanau, inda ake lodin hatsi da riɗi da zoɓo zuwa Nijar da Chadi da tashoshin jiragen ruwa na Legas. Ba kasafai ake tuna cewa ruwa ya yi mata ƙawanya ba. Madatsar Watari tana yamma da ita a Bagwai, ta Tomas tana arewa wajen Dambatta, ta Jakara kuma tana gabas wajen Minjibir. Tun daga yunƙurin da Gwamna Audu Bako ya fara da Bagauda da Tiga, don noman rani da ruwan sha aka gina madatsun Kano. Kifi daga baya ya zo, shi ya sa lissafinsa kullum yake baya, ko da yake gidaje da yawa da shi suke cefane, daga masunci zuwa mai banda zuwa mai suya a bakin tasha. Ra'ayin da nake son karewa shi ne lasisin su ba shi da wata daraja, ko ga baitulmali ko ga masunci, sai in akwai iyaka a bayansa, wato adadin da in an kai shi za a ce wa na gaba ya dakata. Hujja mafi ƙarfi a kan haka tana can tsakiyar Tekun Fasifik, a wasu ƙasashe da ko yawan jama'ar Dawakin Tofa ba su kai ba.

Ɗauki Kiribati. Ƙidayar 2020 ta samu mutum kimanin 119,000 a ƙasar, ƙasa da rabin mutum kusan 248,000 da ƙidayar 2006 ta samu a Dawakin Tofa. Tudunta gaba ɗaya murabba'in kilomita 811 ne, a warwatse cikin tsibirai 33, yawancinsu rairayi ne da 'yan mitoci kaɗan suka raba shi da saman teku, ba ya fitar da abin sayarwa sai kwakwa. Ma'adinin fosfat na tsibirin Banaba, wanda aka yi ta haƙowa a zamanin mulkin Ingila, ya ƙare a 1979, shekarar da ƙasar ta karɓi 'yancin kai. Abin da ya cece ta shi ne dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, wadda ta tabbatar wa kowace ƙasa mai gaɓa ikon dukiyar ruwa har nisan mil 200 na teku. Da yake tsibiran Kiribati a nesa da juna suke, sai ta wayi gari da ruwa mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 3.4, fiye da ninki uku da rabi na faɗin Najeriya, kuma a tsakiyar hanyar kifin tuna, wanda ake cika gwangwanayen duniya da shi. A yau kuɗin da jiragen ƙasashen waje ke biya don izinin kamun wannan kifi ya haura rabin kuɗin shigar gwamnati, a wasu shekarun ma yakan kai wajen kashi 70 cikin 100. Da shi ake biyan malaman makaranta da ma'aikatan jinya. Tuvalu, mai murabba'in kilomita 26 da mutum wajen 11,000, ita ma da shi take riƙe da babban kaso na kasafinta.

Sai dai wanda ya tsaya nan ya ce ai Allah ne ya ba su teku, ya tsallake rabin labarin. Fiye da shekara ashirin bayan dokar 1982, waɗannan ƙasashe suna da teku, suna ba da lasisi, suna yanka rasit, amma abin da ke shigo musu bai wuce wajen kashi 5 cikin 100 na darajar kifin da ake kwasa ba. Kamfanonin Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan suna bin su ɗaya bayan ɗaya, in wannan ta ɗaga farashi sai a nuna mata maƙwabciyarta ta sallama da araha. Duk wanda ya san Dawanau da kaka ya san wannan ciniki: manoma ɗari kowa da buhunsa da buƙatarsa ta gaggawa, masu saye kaɗan ne kuma ba sa sauri, farashi kuwa a bakin wanda zai iya jira yake. Amurka ma a lokacin ba ta yarda tuna mallakar wata ƙasa ba ne, tunda kifi ne mai ƙaura. Da Tsibiran Solomon suka kama wani jirgin Amurka mai suna Jeanette Diana a 1984, sai Amurka ta hana shigar da kifinsu kasuwarta. Sai da Kiribati ta ƙulla yarjejeniyar shekara guda da Tarayyar Sobiyet a 1985 a kan dala miliyan 1.5, hankalin Washinton ya tashi, aka sa hannu a yarjejeniyar 1987 wadda ta wajabta wa jiragen Amurka biyan kuɗin izini.

Sauyin gaske ya zo a ƙarshen 2007. Ƙasashe takwas na Yarjejeniyar Nauru ta 1982, wato Kiribati, Tuvalu, Nauru, Palau, Tsibiran Marshal, Tarayyar Maikoronesiya, Tsibiran Solomon da Papuwa Niyu Gini, suka daina sayar da lasisin shekara da babu ƙaidi, suka koma sayar da kwanaki. Sukan yanke yawan kwanakin da za a yi su da manyan taruna a ruwayensu gaba ɗaya, wajen 45,000 a shekara, su raba tsakaninsu, kowace ta sayar da nata, kuma babu mai sayarwa ƙasa da farashin da aka tsayar. Sun buɗe ofishinsu a Majuro, a Tsibiran Marshal, a 2010 ƙarƙashin Transform Aqorau, lauya ɗan Tsibiran Solomon. Mafi ƙanƙantar farashin kwana ya tashi daga dala 5,000 a 2012 zuwa 8,000 a 2015, kuma a wajen gwanjo yakan haura haka. Jirgin da ya sayi kwana yana ɗauke da na'urar da ke nuna wa tauraron ɗan'adam inda yake dare da rana. A cikinsa akwai jami'in sa-ido ɗan tsibiran, yana tsaye da littafinsa lokacin da ƙaramin jirgi ya ja bakin tarun ya zagaye garken kifi, aka zuge gindinsa da igiyar ƙarfe, aka fara kwaso tuna ana zubawa cikin rumbun ƙanƙara, yana rubuta nau'i da nauyi da abin da ya faɗo bisa kuskure. Akwai wani lokaci a kowace shekara da ake hana su a kan tarkacen da ake shawagar da shi don tara kifi, saboda ƙanana ne ke taruwa a ƙarƙashinsa. Kuɗin da ƙasashen ke samu ya tashi daga kimanin dala miliyan 60 a 2010 zuwa kusan miliyan 500 kafin shekara goma ta cika. Na Kiribati kaɗai ya tashi daga wajen dalar Ostireliya miliyan 30 a 2009 zuwa kusan miliyan 200 a 2015.

An gwada tsarin a farkon 2016, lokacin da jiragen Amurka suka kasa biyan kuɗin kwanakin da suka yi alkawarin saye saboda farashin tuna ya faɗi. Ƙasashen tsibiran suka ƙi ba da lasisi, jiragen suka yi makonni a ɗaure, sai da aka sake zama aka daidaita. Tekun nan dai shi ne na da, kifin ma shi ne na da, masu sayen ma su ne. Abin da ya sauya shi ne an ƙirga, an yanke iyaka, kuma maƙwabta sun daina karya wa juna farashi.

To, mu dawo gida. Najeriya ba ta rasa doka ba. Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Ƙasa ta 1992 ta wajabta lasisi, ta haramta su da guba da nakiya da lantarki, ta hana raga mai ido ƙasa da milimita 76 sai a wasu keɓantattun lamura, ta kuma ba hukumomin jiha ikon rufe wani yanki na ruwa ko wani lokaci na shekara. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne lasisin da yake ƙarewa. A yawancin ruwayenmu duk wanda ya mallaki kwale-kwale da kalli zai shiga, in an karɓi kuɗi an ba shi rasit, in ba a karɓa ba ma ya shiga. Sakamakon a bakin ruwa ake ganinsa. Mutum takwas ko goma su ja tarun da ake kira dala daga cikin ruwa zuwa gaɓa, ragar kuwa idonta bai fi na gidan sauro ba, ta sharo ƙasan ruwa da ramukan da karfasa ke haƙawa don zuba ƙwai, a juye ta a kan rairayi, sai ka ga tulin 'ya'yan karfasa da kawara da ba su kai tsawon yatsa ba, a shanya su a sayar da kwano. Kowanne cikinsu da an bar shi wata shida zai cika tafin hannu. Mai jan dalar ya san haka sarai, amma ya san in ya bari wani ne zai kwashe gobe da asuba. Ga masu zuba gubar gamalin su kashe babba da yaro. Rasit ɗin da bai hana ko ɗaya daga cikin waɗannan ba haraji ne kawai, kuma haraji ne a kan dukiyar da take ƙarewa.

Za a ce kwatancen bai yi daidai ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Kiribati baƙi take caza, kamfanoni masu jiragen miliyoyin daloli, masuncin Watari kuwa ɗan gari ne, da damina yana gona, da rani yana ruwa, abin da ya kama yau shi ne tuwon daren yau. Ɗora masa kuɗi mai nauyi zalunci ne, musamman a ƙasar da talaka ya gaji da rasit a kasuwa da tasha da hanya. Na yarda da wannan, shi ya sa ba farashin Fasifik nake cewa a kwaso ba. Su kansu tsibiran ba sa sayar wa ɗan ƙasa mai ƙaramin kwale-kwale kwana, ruwan da ke kusa da gaɓa nasa ne. Abin ɗauka shi ne ƙidaya da iyaka. Kuɗin lasisin ɗan gari ya zama kaɗan, wanda zai iya biya ba tare da ya ji a jikinsa ba, amma ya zama takardar tana nufin wani abu: sunansa na cikin jerin masu haƙƙin wannan ruwa, jerin kuma ba ya tsawo yadda aka ga dama. Baƙon da ya zo da jirage da yawa da yaran aiki, wanda dillali ya ɗaure wa gindi, shi ne zai biya da tsada, a kuma ƙayyade masa kwanaki. Mai hasara a tsarin da babu iyaka shi ne wanda ba zai iya ƙaura ba. Mai jari in Watari ta ƙare ya loda jiragensa a mota ya nufi Tiga ko Challawa, ɗan Bagwai kuwa nan zai zauna da ruwan da babu komai a ciki. An ma taɓa gwada irin wannan a Arewa. A shekarun 1990, wani shirin haɗin gwiwa na Najeriya da Jamus a Tafkin Kainji ya ƙirga masunta da jiragensu da kayan sunsu, aka bi ta hannun sarakuna da sarakunan ruwa na yankunan Yawuri da Borgu aka ba da lasisi, aka kuma haramta dala. Abin da ya sa ya yiwu shi ne masu faɗa a ji a bakin ruwa ne suka riƙe dokar.

Wani kuma zai kawo hujjar addini, ya ce shari'a ta sanya mutane tarayya a ruwa da makiyaya da wuta, wa ya isa ya hana bawan Allah kifin da Allah ya halitta? Wannan magana ce mai nauyi, kuma ita ce ke hana a mallaka wa attajiri guda madatsa ya katange ta, abin da ni ma nake ƙi. Amma tarayya ba ta hana shugaba tsarawa. Fiƙihu ya san hima, wato wurin da shugaba ke keɓewa don maslahar jama'a, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya keɓe ta Rabaza. Al'adarmu ma ta riga dokar 1992 sanin haka. Abin da ke sa a fito da giwan ruwa mai nauyin mutum a kogin Matan Fada ranar bikin Argungu, bikin da aka fara a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, shi ne wurin a rufe yake sauran shekara, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, babu mai jefa homa sai an ba da izini. Dubban da ke zuwa kallo, abin da suke kallo a zahiri shi ne amfanin hani.

Ƙorafin da ya fi ba ni wahala shi ne na uku, kuma daga Fasifik ɗin kanta ya fito. Kuɗin lasisi kuɗin haya ne, ƙasar da take rayuwa a kansa kuwa ba ita ke riƙe da akalar rayuwarta ba. A shekarun yanayin El Nino tuna kan gangaro gabas, baitulmalin Kiribati ya cika, in yanayin ya juya kifin ya koma yamma wajen Papuwa Niyu Gini. Wani bincike da aka buga a 2021 ya yi hasashen cewa in ɗumamar duniya ta ci gaba a yadda take, kamun tuna a ruwayen ƙasashen tsibirai goma zai ragu da kimanin kashi 20 cikin 100 zuwa 2050, saboda kifin zai fice zuwa tekun da ba na kowa ba. A 2015 Kiribati ta rufe yankin Tsibiran Finiks, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 400,000, ta hana su na kasuwanci, duniya ta yi ta yabo, amma a 2021 gwamnati ta ce za ta buɗe shi saboda kuɗin da take rasawa. Gwamnatin da albashinta ke fitowa daga lasisi tana da wuyar cewa a rage kamu. Kaso mai yawa na kifin kuma a Bankok ake zuba shi a gwangwani, can ayyukan yi suke. Ɗan Najeriya bai buƙatar a fassara masa wannan, ya ga yadda kuɗin mai da kason Abuja na wata-wata suka sa ƙananan hukumomi suka manta da abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu. Nauru ma, wadda yarjejeniyar ke ɗauke da sunanta, ta taɓa zama cikin ƙasashen da suka fi kuɗi in an raba bisa kan mutum saboda fosfat, ta ɓarnatar da asusunta ta koma neman agaji. Wannan ƙorafi gaskiya ne, ban kuma da amsar da za ta share shi gaba ɗaya. Abin da zan ce shi ne bai rushe batun iyaka ba, ya dai nuna inda ya kamata kuɗin ya tafi. Kiribati tana da asusun ajiya da aka kafa tun 1956 da kuɗin fosfat, ta zuba rarar shekarun kifi a ciki har ya haura dalar Ostireliya biliyan ɗaya. Idan kuma ana son ganin ƙasar da ke ciniki ita kaɗai, ga Sao Tome da Firinsipe nan kudu da mu a Mashigin Gini, wadda yarjejeniyarta da Tarayyar Turai ta 2019 ta tsaya a kan yuro 840,000 a shekara.

A madatsar Kano, hatsarin dogaro da kuɗin lasisi ƙarami ne, domin kuɗin ba zai taɓa riƙe ko sashe ɗaya na ƙaramar hukuma ba. Hatsarin da ya fi kusa shi ne a ba wa ɗan kwangila karɓar kuɗin, wanda ribarsa ke ƙaruwa da yawan rasit, ya zama shi ne na farko da zai ƙi iyaka. Maganinsa shi ne kuɗin ruwa ya koma ruwa, a gaban idon waɗanda suka biya: a sayo 'ya'yan kifi a zuba, a biya 'yan sintiri daga cikin masuntan, a musanya wa mai dala ragarsa da kalli mai ido na doka maimakon a ƙona masa jari a bar shi hannu rabbana. Rajistar jirage tana da wani amfanin da ya wuce kifi. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau ya kife a Watari, mutum aƙalla 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke hanyar Mauludi, kuma lodin wuce kima aka dangana abin da shi. Hukumar da ta san kowane jirgi da mai shi da abin da zai iya ɗauka ita ce za ta iya hana shi tashi. Masu cewa a bar kifin dam ya ƙare, kiwon tarwaɗa a kududdufin siminti zai maye gurbinsa, su duba tsadar abincin kifi, su kuma tuna alƙaluman gwamnatin tarayya na cewa ƙasar na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai kai ko rabin haka ba, giɓin kuma da dalar Amurka ake cike abin da aka iya cikewa, da kifin ƙanƙara daga waje.

Akwai wurin da aka bar wannan aiki har wasu suka ɗauke shi. A tsibiran Tafkin Chadi, tumbunan da ke bayan Baga, rahotannin masu bincike sun daɗe suna nuna cewa ƙungiyar ISWAP mai tayar da ƙayar baya na karɓar kuɗi daga masunta kafin ta bar su su shiga ruwa, tana kuma yanka haraji a kan kwalayen banda, har ya kai sojojin Najeriya da hukumomin Nijar a Diffa sun taɓa hana cinikin kifin baki ɗaya don toshe wa masu tayar da ƙayar baya wannan kafa, matakin da ya jefa dubban iyalai cikin yunwa. Abin baƙin ciki ne a ce 'yan ta'adda sun gane darajar izinin shiga ruwa fiye da yadda hukuma ta nuna ta gane.

Wahalar da ke gaban Kano ta rarrabuwar iko ce. Tiga da Challawa suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya, Watari da Tomas na jiha ne, ƙauyukan gaɓa na ƙananan hukumomi daban-daban, sarakunan ruwa kuma na masarauta. In Bagwai ta hana dala, mai dala zai koma Tomas, in Tomas ta hana ya nufi Jakara, kamar yadda jiragen Taiwan suka riƙa yi tsakanin Kiribati da Tuvalu. Don haka dokar ido da watannin hutu, musamman farkon damina lokacin da kifi ke ƙwai, dole su zama ɗaya a duk madatsun jihar, a kuma yanke su a zama guda da sashen kula da kifi na Ma'aikatar Gona da sarakunan ruwa da shugabannin masunta. Kafin wannan zama, akwai aikin da ma'aikata kaɗan za su gama a rani guda ba tare da jiran Abuja ba: a zagaya kowace mashigar ruwa ta Watari, a rubuta jirgi nawa ne, kalli nawa, birgi nawa, dala nawa, gura nawa, a auna abin da ake fitarwa a ranakun da aka zaɓa, sannan a liƙa sakamakon a ƙofar fadar Hakimin Bagwai inda kowane masunci zai iya sa a karanta masa.